Salansar da Kowa ke Aro

Ɗayyabu bai iya zama wuri ɗaya ba. Ko hira ake yi za ka ga ƙafarsa ta dama tana rawa, kamar tana laluben totur a ƙarƙashin tebur. Ɗan Gusau ne, injiniya a wani kamfanin iskar gas. Ni kuma ina koyarwa a jami'a, ƙofar gidana tana kallon tasa a unguwar Abu Hamur da ke Doha, babban birnin Qatar. Duk shekarun da muka yi muna maƙwabtaka ban taɓa makara a barcin bayan Asuba ba, don da ya murza makullin motarsa tagogin falona sai sun amsa.

Motar ƙirar Japan ce, Mitsubishi, irin wadda masu sonta ke kira Evo. Fara ce, da wani fiffike a kan but kamar bencin mai shayi. Ranar da ya sayo ta ya ce wa matarsa Ruƙayyatu motar iyali ce, ta ƙirga ƙofofin ta gani, huɗu ne cif. Ba a rufa shekara ba ya cire kujerun gaba ya sa wasu masu matse haƙarƙari. Ya sauke ta ƙasa, har sai ya karkata ta kafin ta haye tudun rage gudu. Ya canza mata turbo, wato abin da ke cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi, sannan ya ɗaura mata salansar da za ka zura hannu a ciki har gwiwa. Iyali kuwa suka koma motar Ruƙayyatu, ba su sake leƙa Evo ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bai taɓa gudu da ita ba. Titunan Doha cike suke da kyamara, kana wuce ƙa'ida saƙon tara zai riga ka isa gida, shi kuma Ɗayyabu matsoracin hukuma ne na gaske. Haka zai ja wannan dodon yana gurnani a bayan bas ɗin 'yan makaranta. Akwai filin tsere can wajen Lusail da ake buɗe wa masu irin wannan ciwon idan sanyi ya shigo, kowa ya je ya sauke abin da ke ransa. Duk shekara sai ya ce min, "Malam Rufa'i, bana zan kai ta. Kulochi kawai nake jira daga Japan." Kulochi ya iso, sai birki ya zama bai isa ba. Birki ya iso, sai taya. Kafin taya ta iso zafi ya dawo, an rufe fili.

"Sai na gama ta," in ji shi.

"Mota ce ko digiri na uku?" na tambaye shi. Bai ma ji ni ba, yana cikin waya yana duba wani ƙarfe.

Akwai kuma hidimar da yake yi duk watan Agusta. A Qatar kowace shekara sai an kai mota gwaji kafin a sabunta takardarta, wadda ake kira istimara, kuma masu gwajin ba sa son ganin mota ta sauya daga yadda kamfani ya ƙera ta. Saboda haka mai hankali yakan adana kayan motarsa na asali. Idan lokaci ya yi sai a cire mata kayan fitina, a mayar da salansar kamfani mai sanyin murya, da shokozoba masu tsayi, da sauransu, ta je gaban masu gwaji sumui-sumui kamar ta Allah. Ana sabunta takarda a dawo a sake tuɓe ta.

Mai yi masa wannan aikin Abass ne, bakanike ɗan Zangon Kumasi da ke aiki a wani gareji a Sana'iyya, unguwar masana'antu. Kayan asalin kuwa suna cikin manyan kwalaye a ɗakin ajiyar gidan Ɗayyabu, an naɗe su da salatif. Ruƙayyatu ba ta taɓa ganin wannan hidima ba, don duk Agusta tana Najeriya da yara suna hutu. Shi kuma bai taɓa yi mata bayani ba. Ya san in ta gane cewa kowane kwali na nufin an sayi wani sabon abu an sa a madadinsa, za a yi zaman da ba ya so.

A shekarar 2016 farashin mai ya faɗi, kamfanoni suka shiga sallamar ma'aikata. Ana cikin azumi aka ba Ɗayyabu tasa takardar, aka ce zuwa ƙarshen Agusta za a soke izinin zamansa. A ƙasar nan kamfaninka shi ne kafil ɗinka, mai riƙe da zamanka. In ya sake ka sai tafiya, sai fa in wani ya ɗauke ka. Kuma ba a sallamarka da mota da sunanka, dole ka juya takardarta zuwa sunan wani kafin ka hau jirgi.

Na ce masa ya sayar tun istimarar na da rai. Ya ce yana jiran amsa daga wani kamfani. Wannan bai amsa ba, ya ce akwai wani a Ras Laffan, garin kamfanonin gas. Yini yake yana zarya da jakar takardu, ya dawo ya wanke motar da ba ta yi datti ba. Akwai wani saurayi Basudane da ya yi ta bin sa yana roƙo, har ya rantse ba zai cire mata ko ƙusa ɗaya ba. Wannan saurayin Ɗayyabu ya fi so ya sayar wa, don burinsa in ma zai rabu da ita, ya bar ta a raye yadda ya gina ta. Amma kullum amsar ita ce, "Inshallah, wani satin." Ana haka har istimara ta mutu, kuma ba a juya takardar mota sai an sabunta ta.

Ruƙayyatu ba ta jiran kamfanin kowa. A wannan shekarar ba ta tafi hutu ba. Ta haɗa yaran da wasu 'yan uwa masu tafiya gida, ta zauna haɗa kaya. Ta kira masu kago, waɗanda ke kwasar kayan mutanenmu su zuba a kwantena su tura Legas ta ruwa. Mun dai san halinmu, Bahaushe in zai bar ƙasar waje ko tsintsiya ba ya bari. Ranar da suka zo Ɗayyabu yana Ras Laffan neman aiki. Ya dawo ya tarar da gida wayam, sai katifa da tukwane biyu. Ya yi mata sannu da aiki, ya fita ya zauna a cikin motarsa.

Sai da amsar ƙarshe ta zo, aka ce masa a'a, sannan ya haƙura. Ya kira Basudanen ya ce ya shirya. Ya kira Abass ya ce ya share wuri. Ya ƙwanƙwasa min ƙofa in zo in kama masa kwalaye kamar yadda muka saba. Muka shiga, ya buɗe ɗakin ajiya. Babu komai a ciki sai shatin da kwalayen suka bari a ƙasa.

"Maman Ikhlas!" ya ƙwala wa Ruƙayyatu kira.

Ta fito daga kicin tana goge hannu, ta gaishe ni.

"Kwalayen da ke nan fa?"

"Sun tafi mana. Ai su na sa aka fara ɗauka saboda nauyi."

"Sun tafi ina?"

"Gusau, Abban Ikhlas, ina kuma? Na leƙa ɗaya na ga kayan mota ne masu kyau, kamar ba a taɓa amfani da su ba. Ka san tsadar kayan gyara a gida. Har faɗa sai da na yi da mai kagon a kan dogon bututun nan, wai ba zai shiga ba."

Ɗayyabu ya zauna a ƙasa daɓas. Ranar ce na fara ganin ƙafarsa ta tsaya. Can ya fara yi mata bayanin da ya kamata ya yi tun shekarun baya. Ta saurare shi har ƙarshe. Ranta ya ɓaci, amma ba ta ɗaga murya ba.

"Na taɓa tambayarka mene ne a ciki, ka ce min tarkace ne," ta ce. "To ni ba na zubar da tarkacen mijina."

Aka kira mai kago. Ya ce kwantena ta daɗe da barin tashar ruwa, sai dai a yi addu'a ta sauka lafiya. Na ce a raina, ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Daga ranar na zama direba. Evo ba ta da ikon hawa titi tunda takardarta ta mutu, don haka 'yar Corolla tawa ce ta sha wahala. Duk wanda ya san Agustan Doha ya san abin da nake nufi, zafi ne mai ɗauke da danshi, kana fitowa daga mota tabarau ya rufe da tururi. Muka bi wuraren 'yan gwangwan na Sana'iyya layi-layi. Kayan Land Cruiser tsibi-tsibi har sama, amma da ka ce Evo sai a girgiza kai a nuna maka gaba. Ɗayyabu zai dira tun ban gama tsayawa ba, ya shiga, ya fito, ya ce, "Yalla, na gaba." Ya kira dillalan kayan mota na Sharjah, a Daular Larabawa, aka ce za a duba. Ya tuntuɓi Japan, aka ce akwai, amma kafin su iso shi yana Gusau. Ba ya cin abinci, ba ya barci, ni ma ya hana ni. Ga mutanen kamfani suna kira suna tambayar yaushe zai kawo fasfo.

Wata rana muna tsaye a bakin wani shagon shayi, rigata ta jiƙe sharkaf, na ce masa, "Wai kai ba kana cikin ƙungiyar masu irin motar nan ba? Ara mana. Na yini ɗaya ne fa."

Ya buga goshi. Suna da zauren WhatsApp, su masu Evo na Doha, kowa da ƙasarsa. Nan take ya rubuta cewa yana neman aron salansar kamfani da shokozoba. Waya ta fara ƙara. Yana karantawa fuskarsa tana sauyawa, can sai ya fashe da wata dariya marar daɗin ji, ya miƙo min.

Na farko ɗan Filifin ne, ya ce ai shi duk shekara ta Ɗayyabu yake ara. Na biyu ɗan Pakistan, ya ce tasa ya sayar tun shekarar farko, don ɗakin da suke haya su huɗu ba shi da wurin ajiye bututu. Wani ɗan Lebanon ya ce ya zaci kowa ya san salansa ɗaya ce a garin. Wani kuma, da alama bai karanta saƙon da kyau ba, ya tambaya yaushe zai aiko a karɓa, don gwajinsa wata mai zuwa ne.

Ɗayyabu ya san yana ba da aro. Abass kan zo ya ɗauka da safe idan Ruƙayyatu ta kai yara makaranta, ya dawo da su bayan kwana biyu. Abin da bai taɓa tsayawa ya lura ba shi ne babu wanda ya taɓa ara a wurin wani in ba shi ba. Salansa ɗaya ce take ta zaga gari tana wanke laifin kowa a gaban masu gwaji, ga ta yanzu a tsakiyar teku.

Muka wuce garejin Abass. Ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu da tsumma, ya ji labari, ya yi salati.

"Massa, kai ma ka sani," ya ce da Hausarsu ta Zango. "Motan nan ba zai wuce ba. Da ya yi kuka ɗaya za su ce khalas, magana ya ƙare. In na ƙera maka salansa, shokozoba fa? Akwatin iska fa? To ka kai shi gida mana. Ka sa shi a jirgi ya bi kayansa."

"In kai ta ina, Abass? Layinmu a Gusau in an yi ruwa jifa ma da ƙyar take shiga. Man da aka saita injin nan a kai babu shi a can. Kuma mutumin da aka sallama daga aiki, in sauka gaban Baba da wannan? Rufe ta zan yi da tamfol ta ruɓe ina kallo."

Abass ya ce, "To hanya ɗaya ya rage. A cire lamba a mayar wa hukuma, a kashe sunan motan. Sai mu raba shi. Tun ɗazu mutanenka suna kirana. Wannan yana son turbo, wannan yana son birki."

A garinmu watanda ake ce wa wannan, a yanka sa a kasa nama kowa ya ɗauki kasonsa. Ban faɗa ba, don na ga idon Ɗayyabu. Ya kira Basudanen ya gaya masa. Yaron ya yi ta jimami, ya ce ba zai iya ajiye motar da ba ta hawa titi ba. Kafin ya kashe waya kuma ya tambaya ko an riga an yi wa kujerun ciniki.

Ranar da janwe ya zo ɗaukarta, bayan La'asar, maƙwabta suka leƙo. An sha fama kafin ta hau, don gabanta na gogar ƙarfe, sai da aka jera mata katako. Ruƙayyatu ta fito da abayarta ta ce za ta je. Ɗayyabu ya ce wurin ba na mata ba ne. Ta buɗe bayan Corolla ta shiga ta zauna. Muka bi janwe a baya.

A garejin akwai wata na'ura da suke kira daino, ta gwada ƙarfin inji. Manyan gangunan ƙarfe ne a cikin ƙasa, a ɗora tayoyin mota a kai a ɗaure ta da bel, ta yi ta gudu a wuri ɗaya. Motar Ɗayyabu ta sha hawa, amma kullum mai saita injin ne a kujera, shi yana tsaye a baya yana kallon kwamfuta. Ba wanda ya roƙi Abass. Ana sauke ta ya sa aka tura ta kan gangunan, ya ɗaure ta gaba da baya, ya jawo wata ƙatuwar fanka ya kunna a gabanta.

"Massa, shiga," ya ce. "Nan babu kyamara. Ka taka har ka gaji."

Ɗayyabu ya tsaya yana juya makulli a hannu. Kafin ya yanke shawara Ruƙayyatu ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar, ta tattare abaya, ta cusa kanta cikin kujerar nan mai matse haƙarƙari. Shi ma ya shiga.

Ya tayar. Ya sa giya ta ɗaya, gangunan suka fara juyawa. Ta biyu. Ta uku. Ƙarar da na sani ta safiya ashe gaisuwa ce kawai. Da ya kai ta huɗu sai turbo ta ɗauki wani fito, rufin kwanon garejin ya hau kaɗawa, makanikai suka ajiye aiki suka toshe kunne. Motar ta durƙusa da baya tana fizgar bel ɗin kamar ragon da ya ga wuƙa. Na sunkuya ta taga na ga allurar maleji tana hawa, ta wuce duk inda ta taɓa zuwa a titin Doha, tana ta tafiya har ta ƙure. Haƙoransa a waje, hannayensa sun ƙanƙame sitiyari. A gabansu kuwa bangon garejin ne, da fanka, da wata tsohuwar taya a rataye.

Ya ɗaga ƙafa. Salansa ta yi harbi biyu, ƙarar ta sauka a hankali.

Ruƙayyatu ta gyara mayafinta da ya zame. Na zaci fita za ta yi. Sai na ji ta ce, "Ƙara."

Ya ƙara. Ya sake ƙarawa. Sai da Abass ya ɗaga hannu ya ce, "Khalas, massa, ya yi zafi," sannan ya kashe. Wurin ya yi tsit, sai ƙas-ƙas ɗin ƙarfe mai hucewa.

"Ashe haka take," in ji Ruƙayyatu. "Da ka kai ta filin nan ko sau ɗaya ne."

"Ai ban gama ta ba," ya ce.

Duk haushin da motar nan ta ba ni, a lokacin tausayinsa ya kama ni har na juya baya. Abass ya shimfiɗa tsumma a ƙasa ya fara jera sifanoni. Ya ce sai ta huce tukuna, ba a taɓa ta da zafi.

Sun tafi a ƙarshen watan. Kago ya iske su a Gusau bayan Babbar Sallah da daɗewa, komai lafiya, har da dogon bututun da aka yi faɗa a kai. Kafin nan zauren masu Evo ya rikice, don gwajin kowa na ƙaratowa. Suka haɗa baki suka roƙe shi. Ɗayyabu ya sake naɗe kwalayen da salatif, ya kai su Kano da kansa, ya turo.

Ni na je na karɓo. Suna ɗakin ajiyata yanzu, ni mai Corolla, kuma kusan duk wata sai wani ya ƙwanƙwasa min ƙofa neman aro. Duk wanda ya ara sai Ɗayyabu ya kira ni daga Gusau.

"Malam Rufa'i, ta wuce?"

"Ta wuce."

"Alhamdulillah." Ina jin ƙafar nan tasa tana bugun ƙasa a hankali ta cikin wayar. "Kamfanonin fa? Ba su fara ɗaukar mutane ba?"

In ce masa tukuna. Ya ce to, in an fara in gaya masa, don ya ga wata Evo a intanet, ja, mai ita bai taɓa mata komai ba.